Shin Ko Kun San? Wuyar da Doka Ke Sha a Amurka

Shin ko kun san cewa a Amurka kashe ƙudiri ya fi zartar da shi sauƙi nesa ba kusa ba? A kowane zangon majalisa na shekara biyu ana gabatar da ƙudirori sama da 10,000, amma 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Galibi tun a kwamiti suke shan ƙasa, ko ƙuri'a ba a kaɗa musu ba.

Jihar Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 da jihar Wayomin da ba ta kai 600,000 ba, kowacce sanata biyu gare ta a Majalisar Dattawa. Sai a Majalisar Wakilai mai kujeru 435 ne yawan jama'a ke tasiri: Kalifoniya 52, Wayomin ɗaya tilo.

Ko kun san surutu ma makami ne? A Majalisar Dattawa rinjaye kaɗan ya isa a amince da ƙudiri, amma kafin a rufe muhawara a kai ga ƙuri'ar, yawanci sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda. Ke nan 41 kan iya tsayar da galibin ƙudirori cak. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana zuba, don kawai ya hana dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata wucewa. A banza, domin dokar ta wuce. A 2025 kuwa Cory Booker, sanata baƙar fata, ya yi sama da awa 25 a tsaye, ya shafe wancan tarihin. Allah mai iko!

Shugaban ƙasa kwana 10 gare shi, ban da Lahadi, ya sa hannu ko ya hau kujerar na-ƙi. (Najeriya da ta ari tsarin a 1979, kwana 30 ta ba nata.) In ya yi gum alhali majalisa na zama, ƙudiri ya zama doka; in ta riga ta tashi, ƙudirin ya mutu. Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙi ƙudirori 635, sau tara kacal majalisa ta haɗa kashi biyu cikin uku ta danne shi.

Ikon Kotun Ƙoli na soke doka ba a rubuta shi ƙarara a kundin tsarin mulki ba. Hukuncin shari'ar Marbury da Madison na 1803 ne ya kafa shi.

Gyara na 27 da aka yi wa kundin, wanda ya hana ƙarin albashin 'yan majalisa fara aiki sai bayan zaɓe, tun 1789 aka gabatar da shi. Sai a 1992 ya tabbata.