Likkafa a bango: wacce ya kamata ka saya?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah, rawuna da jalala ne ke fara ɗauke masa ido. Ba kowa ke duban ƙafar mahayi ba. To amma fa yanzu likkafar da ke ƙarƙashin ƙafar nan ta zama kayan ado. Za ka gan ta rataye a falo ko a ofis, kuma baƙi na sayenta tsaraba.

Wadda aka fi nema ita ce wangami, mai faɗi, wadda tafin ƙafa ke zama a cikinta gaba ɗaya. Maƙera ke yin ta da tagulla ko baƙin ƙarfe, a yi mata zane a gefuna. Sabuwa ba ta da wuyar samu, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano za ka tarar da ita.

Matsalar tana wajen tsohuwa. Katsina garin doki ne, kowa ya san yadda Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya so dawaki. Shi ya sa gidajen sarauta da yawa ke da kayan hawa na kaka da kakanni a ajiye. Dillalai sun san haka. Sai yaro ya shiga matsi, kuɗin makaranta ya taso, ya ɗauko ta kakansa ya sayar a ɓoye. Na san gidan da ba a gane ba sai ana jibi Sallah, da aka buɗe adaka.

Ga kuma doka. Tun 1979 dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fita da kayan tarihi daga Najeriya ba izini, kuma aikin hannun da aka yi kafin 1918 yana ciki.

Mai saye ma yana iya shan zamba, don akan binne sabuwa a ƙasa ta yi duhu a ce tsohuwa ce. Ka duba ramin da ake ɗaura ta da sirdi, da inda ƙafa ke taka. Wadda aka yi hawa da ita nan take sulɓi, ta ci. Ta bogi duhunta ɗaya ne ko'ina.

Ni dai in ado kake so, sayi sabuwa, maƙeri ya samu na cefane. In kuwa gado ce a gidanku, kar ka goge ta da tsamiya don ta yi ƙyalli. Tsumma busasshe ya isa, sannan ka tambayi tsofaffin gida wa ya hau da ita, ka rubuta.