Dole, Ya Kamata, Ana Iya: Nauyin Kalma a Takardun Injiniyoyi

Kafin a ƙera kowace na'ura, injiniyoyi sukan rubuta takarda mai ɗauke da sharuɗɗan da na'urar za ta cika. Da ita mai saye da mai ƙira suke ƙulla yarjejeniya, da ita kuma ake gwada aikin bayan an gama. Saboda haka ba a sakin kalma kara zube a cikinta.

Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta ƙayyade ma'anar wasu kalmomin Ingilishi a cikin takardunta. Kalmar "shall" tana nufin dole, "should" shawara ce, "may" kuwa izini ne. Ɗalibin da ya karanta fiƙihu zai ga sun yi kama da wajibi da mustahabbi da halal.

A ɗauki misalin firjin ajiye allurar rigakafi. Yawancin alluran suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Idan takarda ta ce dole ne firji ya riƙe wannan sanyi, mai saye yana da ikon ƙin karɓar wanda ya kasa. Idan kuwa ta ce ya kamata, mai ƙira bai karya alkawari ba ko da firjin ya kai digiri 12, alhali maganin yana iya rasa ƙarfinsa, a yi wa yara allurar da ba za ta kare su ba.

Masu tsara intanet su ma suna da tasu ƙa'idar. A shekarar 1997 Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya rubuta takardar RFC 2119, inda ya bayyana cewa ana iya kauce wa "should" idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, amma sai an auna abin da zai biyo baya.

Sai dai rubuta dole bai wadatar ba, sai an bincika ko an bi shi. Ranar 23 ga Satumba, 1999, kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ta Amurka ya salwanta a duniyar Mirrihi. Takardar aiki ta wajabta ma'aunin niyuton, amma wata manhaja ta riƙa ba da lissafi da ma'aunin fam, wanda kowane ɗaya ya kai niyuton 4.45.

Yana da kyau malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan bambanci tun daga ɗakin gwaje-gwaje. Sanya tabaran kariya yayin aiki da asid dole ne, a rubuta shi da kalmar dole.