Zanen Bayan Gingimari: Kada Mu Bari Ya Ɓace

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari ta nufi Gusau, ya san manyan motocin nan masu bodin katako da ke jigilar masara, auduga da shanu. Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka dubi abin da aka zana a bayansu? Ga zaki ya danne barewa, ga gaggafa ta cafki maciji, ga dawisu ya baza jela, wani lokaci ma har da ɗan wasan sinima ya ɗaga ƙafa zai kai duka. A ƙasa kuma an rubuta karin magana, kamar "Haƙuri maganin zaman duniya".

Mu a wurinmu wannan ado ne kawai na direbobi. To, a ƙasashen Turawa irin wannan aiki ne ya fito da sunan waɗansu. A 1962 wani Ba'amurke, Andy Warhol, ya zana gwangwanin miyar Campbell's har guda 32, ya baje su a birnin Los Anjalis, yana nuna cewa kayan kanti ma sun isa a zana su. Bayansa Keith Haring ya shiga tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Niyok daga 1980, yana zana mutane da karnuka da alli domin talaka mai wucewa ya gani kyauta. A 2022 an sayar da zanen Warhol guda ɗaya a kan dala miliyan 195.

Abin da waɗannan biyu suka yi, wato ɗauko abin da kowa ya sani a kai shi inda kowa zai gani, cikin raha da launi mai ɗaukar ido, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa maginan Zariya suke fitar da siffar keke da mota a fuskar zaure. Haka kuma Musa Yola ya yi ta zana motoci da jiragen sama a bangon gidajen mutane a yankin Zariya, har wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya yi rubutu a kansa. Mai fentin gingimari magajinsu ne.

Sai dai sana'ar tana cikin wani hali. Yau mai shago ko mai mota yakan je wurin mai kwamfuta a buga masa hoto a leda ya manna, ga araha ga sauri. Rashin tsaron da ya addabi Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa kuma ya rage cin kasuwanni, kuma idan mota ba ta samun lodi, wa zai biya kuɗin ado? Yaron da ya ga maigidansa ba ya samu, ba zai zauna koyon riƙe buroshi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu su riƙa ba masu zanen hannu aikin bangon azuzuwa, masu shaguna su ma su tuna da su. Matasa masu waya kuma su ɗauki hotunan motocin nan kafin katako ya ruɓe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu zaman lafiya.