Amfanin Kasuwar Baje-koli da Cuɗanya ga Masu Sana'ar Gilashi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa masu sana'ar gilashi suke ɗaukar kasuwar baje-koli da muhimmanci ƙwarai. Abin nufi da baje-koli a nan shi ne taron da masu masana'antu da masu ƙera injuna da dillalai suke yi a wuri ɗaya na 'yan kwanaki, kowa ya shimfiɗa hajarsa, a gani, a yi ciniki, a kuma san juna. Za mu waiwayi yadda sana'ar take a zamanin ɓoye sirri, sa'an nan mu duba abin da bayyana shi ya haifar.

Zamanin Ɓoye Sirri

A shekarar 1291 hukumar birnin Venis ta ƙasar Italiya ta umurci masu narka gilashi su koma tsibirin Murano. Dalili na fili shi ne tsoron gobara, amma tara su wuri ɗaya ya sauƙaƙa tsare asirin sana'ar, har aka hana gwanaye barin ƙasar. Duk da haka asirin bai tsaru ba, domin a shekarar 1665 Colbert, wazirin kuɗi na Sarkin Faransa, ya kafa masana'antar madubi, ya jawo waɗansu gwanayen Venis da alkawarin lada mai tsoka. Wannan masana'anta ita ce tushen kamfanin Saint-Gobain. Abin lura shi ne, ilmin gilashi a hannun mutane yake da idanunsu, saboda haka duk inda masu sana'ar suka haɗu, can ilmin yake yaɗuwa.

Zamanin Nuna wa Duniya

A shekarar 1851 aka yi gagarumin baje-koli a Landan cikin wani gini da Joseph Paxton ya tsara, wanda aka yi da ƙarfe da fallayen gilashi kusan 300,000. Kamfanin Chance Brothers ne ya yi gilashin. Mutane wajen miliyan 6 suka shiga ginin, suka ga da idonsu cewa gilashi yana iya zama bango da rufi, alhali a da taga da madubi da kwalba aka fi saninsa da su.

Haka kuma a baje-kolin Shikago ta Amurka a shekarar 1893, kamfanin Libbey, wanda a lokacin yake fama da bashi, ya gina ƙaramar masana'anta a filin taron, jama'a suna kallon yadda ake busa gilashi. Sunan kamfanin ya bazu, cinikinsa ya farfaɗo. Wanda ya kula da wannan masana'anta, watau Michael Owens, shi ne ya fito da injin yin kwalba mai sarrafa kansa a shekarar 1903.

Dalilin da Ya Sa Gani Ya Zama Tilas

Ana yin gilashi ne da yashi da sinadarin soda da dutsen farar ƙasa, a narka su cikin tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,500. Babban tanderu idan aka kunna shi ba a kashe shi dare da rana, sai ya shekara goma ko fiye, domin in ya huce narkakken gilashin zai daskare a ciki, tubalinsa kuma ya tsattsage. Ke nan wanda ya yi kuskure wajen zaɓen tubali ko inji, zai zauna da kuskurensa shekara da shekaru. Mai irin wannan jari ba ya cinikin biri a sama. A wurin baje-koli yakan tarar da injin yanka gilashi yana aiki a gabansa, ya ɗauki abin da ya yanka ya duba bakinsa, ya taka 'yan ƙafafu ya kwatanta shi da na wani kamfani. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mafi shahara daga cikin irin waɗannan tarurruka shi ne glasstec, wanda aka fara a birnin Dusseldorf na Jamus a shekarar 1970, ana kuma yin sa bayan kowace shekara biyu. Akwai kuma Vitrum a birnin Milan na Italiya, da China Glass a ƙasar Sin. A shekarar 2020 annobar korona ta hana taron Dusseldorf, aka yi abin da ya sawwaƙa ta intanet, amma a shekarar 2022 aka koma haɗuwa ido da ido.

Amfanin Cuɗanya

Bayan gani, sai sanayya. Mai masana'antar gilashi yana dogara ga mai kawo yashi, da mai gina tanderu, da mai gyaran inji, da magini mai sayen kayansa. Ranar da inji ya tsaya da tsakar dare alhali gilashi yana kwarara, wanda ya taɓa zama da injiniyan da ya ƙera shi, suka ci abinci tare, ya fi saurin samun agaji bisa ga wanda takarda kawai ta haɗa su. Zumunta a ƙafa take.

Daɗin daɗawa, ta hanyar yarda da juna ne sabuwar dabara take zama dukiya. Alal misali, a shekarar 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar da Alastair Pilkington ya gano, ta kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, ya fito sumul ba sai an goge shi ba. Kamfanin ya riƙa sayar wa waɗansu kamfanoni izinin amfani da ita, ya sami riba mai yawa, har ya zamana kusan dukan gilashin taga na duniya ta wannan hanya ake yin sa.

Sai dai fa abin yana da nasa nauyi. Kuɗin rumfa da na jigilar injuna da masauki sukan fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a, kuma wanda ya baje sabon zane ya ba masu kwaikwayo damar ɗauka. Wannan ya sa mai hankali yakan yi wa dabararsa rajista kafin ya fito da ita.

Kammalawa

A taƙaice, tarihi ya nuna cewa katangar Murano ba ta hana ilmi fita ba, waɗanda kuma suka fito da nasu fili bisa sharaɗi sun ci moriyarsa. Wannan darasi ya shafe mu, domin a unguwar Masaga ta garin Bida akwai Nufawa masu narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro tun kaka da kakanni. Kasuwar baje-koli ta Kaduna, wadda aka fara a shekarar 1979, wuri ne da irin waɗannan gwanaye za su iya haɗuwa da masu saye da masu kayan aiki na zamani, muddin hukuma da 'yan kasuwa suka sauƙaƙa musu kuɗin rumfa da na hanya.