Gargaɗi: sha-ka-fashe kumburi yake sawa, ba ƙiba ba

Iyaye mata, 'yan mata, da masu gyaran amare, ku binciki abin da ake sha a gidajenku da sunan maganin ƙiba. Ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda babu suna, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da ruwan magani mai zaƙi da ake saya a kemis ko a hannun mai talla, da yawansu abu biyu ne a ciki. Ɗaya a kwali ana rubuta shi Cyproheptadine, ɗayan Dexamethasone, wanda muke kira deksa. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali.

Yunwa da ƙoshi a ƙwaƙwalwa ake yanke hukuncinsu. Allah Ya sanya wa jiki 'yan aike masu yawo a cikin jini, likitoci na kiransu homon. Idan tumbi ya zama wayam, yakan saki girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, ya tafi wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ya ce a kawo abinci. Kitsen jiki kuma yana sakin leftin, wanda aka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. Da waɗannan saƙonni jiki ke auna cinsa. Maganin ƙiba cikin wannan awon yake kutsawa.

Cyproheptadine asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Yana toshe wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu kai labarin ƙoshi, sai mutum ya ci bai san ya isa ba, ga barci kamar kasa. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan Apetamin, ruwan magani mai ɗauke da shi, saboda jiri, nauyin barci da illa ga hanta.

Deksa kuwa kwaikwayon kotisol ne, homon ɗin da wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda ke fitarwa daidai gwargwado, da yawa da asuba, kaɗan da dare. Ƙarfinsa ya ninka na kotisol kusan sau 25. A hannun likita magani ne mai ceton rai. A hannun yarinyar da ke haɗiyarsa kullum don ta cika kafin biki, ɓarna yake yi. Yana buɗe ci, yana tara ruwa, yana kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da doron wuya, yana kuma cinye tsokar hannu da cinya.

Kun sha ganin irinta a gidan biki. Fuska ta zagaye kamar faifai, kumatu sun tashi, ana ta cewa “Masha Allah, kin yi kyau, hutu ya karɓe ki.” Ku dubi ƙasa. Ƙafafu sun sirance, nankarwa mai faɗi ta tsattsaga ciki da damtse, in ta tsuguna sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana wannan kama a 1932, har yau da sunansa ake kiran cutar. Abin da ido bai gani ya fi muni: ciwon suga, hawan jini, ƙashi ya yi rauni, yana a ido, rikicewar al'ada, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa.

Wadda ta riga ta fara, ki saurare ni da kyau. Idan kin kai sati uku kina shan deksa, kada ki yanke shi rana ɗaya. Halittun nan na saman ƙoda sun ga kotisol na shigowa daga waje, sun ajiye aiki. Kika tsaya kwatsam, jiki zai wayi gari ba shi da ko kaɗan: amai, kasala, jiri, jini ya faɗi, suma, har rasa rai. Likita ne zai rage miki shi sannu a hankali, kuma dole ki gaya masa gaskiyar abin da kike sha da tsawon lokacin. Kunya ba ta da wuri a nan.

Ramar da ta zo babu dalili ma abin kaiwa asibiti ce. Tana iya zama tarin fuka, ko suga, ko tsutsar ciki, ko damuwa. Deksa yana rufe alamun, ya ƙara wa tarin fuka da suga ƙarfi.

Mu ma da laifinmu. Gwaggon da ke ce wa yarinya tsinke, da angon da ke aika saƙon a ciko masa amarya, su ke tura ta kemis. Ku bar yarinya da jikin da Allah Ya ba ta.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah, kada ku ba da deksa sai da takardar likita. Wanda ya ga ana sayar da ƙullin ƙwayoyi marasa suna, ya kai ƙara hukumar NAFDAC. Ke kuma 'yar'uwa, ki ɗauki ledar maganin yadda take, ki kai wa likita yau.