Kwamfutar Gida Ba Tare Da Ƙugi Ba

A yawancin gidajenmu na Zango, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, ɗaki guda ne falo, shi ne wurin karatun yara, shi ne kuma makwanci. Idan kwamfutar tebur ta kama ƙugi da tsakar dare, ba mai aiki da ita kaɗai take damu ba. Har jariri da tsohuwa sai sun farka. Ƙugin nan kuwa na wata ƙaramar fanka ce da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wadda sai ta yi gudun fitar rai kafin ta kore zafi.

Maganin da muka gwada shi ne babban mazuƙin zafi. Duk wanda ya taɓa leƙa lagireton mota a Suame Magazine ya riga ya fahimci rabin aikinsa: siraran faranta na alminiyam ne jere, iska tana ratsa tsakaninsu. Sauran rabin kuwa hikima ce mai daɗin ji. Bututun jan ƙarfe ne rufaffu, a cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe musu iska. Zafin furosesa yakan mai da ruwan tururi, tururin ya hau sama ya huce a jikin faranta, ya koma ruwa, ya sake gangarowa. Tun da faranta suna da faɗi, babbar fanka mai juyawa a hankali ta wadatar, kuma ba ta da hayaniya.

Sai dai a auna kafin a saya. Noctua NH-D15, wanda wani kamfanin Ostiriya ya fitar a 2014, tsawonsa milimita 165 ne, nauyinsa ya haura kilo ɗaya. Siraran kwamfutocin ofis na hannu, irin na Dell da HP da suka cika shagunan Adum, akasarinsu ba za su ɗauke shi ba. Akwatin ba zai rufu ba, ramukan noti ma sukan saɓa. A ganinmu, mai irin wannan na'ura gara ya share tsohuwar fankarsa ya adana kuɗinsa.

Wajen ɗaurawa, mun cire wuta, muka goge tsohon man da ya bushe a kan furosesa, muka ɗiga sabo wanda bai kai ƙwayar wake ba. A duba gindin mazuƙin: idan da leda a manne, a ɓare ta. Notuna kuwa a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan kishiyarta, kamar yadda bakanike yake ɗaure taya.

Gwaji shi ne inda mutane suke gaggawa. Mun buɗe HWMonitor domin karanta zafi, muka sa Prime95 ta ɗora wa furosesa aiki mai nauyi na rabin sa'a. Yawancin furosesa na yanzu sukan rage gudu da kansu idan sun kai digiri 95 zuwa 100. Tamu ba ta kusanci nan ba, sai mun kara kunne muke jin fankar. Amma kada a ruɗu da alƙaluman masu gwaji a Turai cikin ɗaki mai sanyi. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka furosesa take ƙaruwa, Kumasi kuwa a Fabrairu da Maris takan wuce digiri 30 da rana. A yi gwajin da azahar, ƙarƙashin rufin kwano, akwati a rufe.

Ƙurar hunturu ita ma takan toshe tsakanin faranta, daga Disamba zuwa Fabrairu. A riƙa hure ta, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa. Idan za a kai na'urar gyara cikin tiro-tiro, a kwantar da ita ta gefe, babban allon yana ƙasa, domin kilo guda da ke rataye yana iya tsaga allon a gargada ɗaya.