Taki Ya Yi Wa Daji Yawa

Masu iya magana sun ce in ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. To, haka sha'anin naitirojin yake, watau sinadarin nan da ke cikin takin yuriya, wanda ke sa ganyen shuka ya yi kore shar.

A dazuzzukan gabashin Amurka, itatuwa kan kaɗe ganyensu in sanyi ya gabato. Ganyen ya ruɓe, ƙananan halittun cikin ƙasa su saki naitirojin da ke jikinsa, saiwoyi kuwa su sāke tsotsewa. Da haka yake kewayawa shekara da shekaru, kaɗan ne ke salwanta. Sai hayaƙin motoci da na tashoshin lantarki masu ƙona kwal ya shiga ƙaro wani, ruwan sama yana saukowa da shi. A cikin 1989 wani masani, John Aber na Jami'ar New Hampshire, tare da abokan aikinsa, suka yi kashedi cewa daji ma yana ƙoshi, har ya kāsa riƙe abin da ake zuba masa.

A wannan shekarar ce aka soma wani gwaji a dajin bincike na Fernow, cikin Jihar West Virginia. Aka keɓe wani kwari mai faɗin hekta 34, ana watsa masa taki ta jirgin sama sau uku a shekara, jimlar kilo 35 na naitirojin a kowace hekta, har zuwa 2019.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da kashedin. Rarar da itatuwa suka kāsa sha ta zurare cikin rafi, ta tafi da kalsiyam, wanda shi ma abincin itace ne. Ƙasa ta ƙara tsami. Ire-iren ƙananan tsirran da ke ƙarƙashin inuwa suka ragu, wani tsiro mai ƙaya ya mamaye wurinsu.

Tun bayan gyaran dokar tsabtace iska ta Amurka a 1990, hayaƙin ya ragu ƙwarai. Amma har wa yau naitirojin yana tashi daga gonaki da garkunan dabbobi. Kalsiyam ɗin da ruwa ya kwashe kuwa ba ya komowa da wuri, don sai duwatsu sun zaizaye sannu a hankali kafin ƙasa ta sami madadinsa.